Littafin da na karanta wa su Inna a zaman takaba

Baba ya rasu ranar 5 ga watan Safar, farkon Satumbar 2022 ke nan, ruwan ƙarshen damina na ta zuba. Tela ne, mai ɗinkin manyan riguna a cikin birnin Zariya. Ranar da abin zai faru yana zaure da wata farar shadda a cinya, ya riga ya zana mata aska takwas, ya soma bi da zare bai kai rabi ba, sai ya ce kansa na sara masa. Ya soke allurar a jikin rigar, ya shiga ciki ya kishingiɗa. Kafin a kira la'asar rai ya yi halinsa.

Mata biyu ya bari. Inna, wadda ta haife ni, shekararta 49 a ɗakinsa. Anti kuwa a 2003 ya auro ta, kuma shekara 2 kacal ta ba ni. Yaranta uku, babban yana ajin ƙarshe na sakandare, ƙaramar ba ta gama firamare ba.

Washegarin sadakar uku limamin unguwarmu ya zo, aka shimfiɗa masa buzu a tsakar gida, ya yi musu bayanin takaba suna daga bayan labule. Wata 4 da kwana 10, kamar yadda ya zo a aya ta 234 cikin Suratul Baƙara, kuma da watan sama ake lissafi. Ya ƙirga musu da yatsa, ya ce ranar 15 ga Jimada Sani za su fita. Mai juna biyu ce kaɗai lissafinta ya bambanta, ita sai ta sauka. Ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba kayan ado, kwana a gidan miji, fita sai da lalura. Gwaggo, yayar Baba, ta kawo nata ƙarin: a riƙe 'yar wuƙa ko banɗaki za a shiga, kada a ɗaga murya, wanka sai Juma'a. Liman ya ce ko ɗaya babu a littafi, su yi wankansu duk sa'ad da suka so, su dai guji sabulu mai ƙamshi. Duk da haka Inna ta karɓi wuƙar ta tura ƙarƙashin matashi. Ta ce ba za ta haɗa wa Gwaggo rashin ƙane da ɓacin rai ba.

Muddin gida cike yake da masu "ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri", ba a gane nauyin abin. Sai da aka yi bakwai, 'yan nesa suka ɗaure kaya, aka mayar wa maƙwabta tabarminsu da butocinsu, sannan muka san an yi mana rashi. Inna da Anti ba su taɓa cacar baki a gabanmu ba cikin shekara 19, amma zaman 'yan marina suke yi, kowa da inda ta sa gabanta. Gaisuwar safe da miƙa girki duk kwana biyu su ne abin da ke haɗa su, yanzu kuwa wanda ake yi wa girkin ya tafi. Kowace ta shige ɗakinta ta saki labule. Inna ta daina barci. In na kwana a gidan sai in farka ƙarfe 2 na dare in ji ƙas-ƙas ɗin carbinta. Tuwo kuwa loma uku take yi ta ture kwanon.

Ni malamar Turanci ce a wata sakandaren 'yan mata, gidana yana Tudun Wada. Maigidana ya yarje min in riƙa zuwa bayan la'asar in koma bayan isha'i. Zuwan ba wuya, abin faɗar ne babu. Ni ce auta, ban saba doguwar hira da ita ba. In na ce ta yi haƙuri sai ta ce, "Haƙuri ya zama dole, Auta," magana ta mutu a nan. Kwana 12 da rasuwar, ina zaro takardun yara daga jaka zan yi maki, sai wani siririn littafi ya faɗo a kan tabarma. Ta tambaye ni na mene ne. Na ce labarin wata mata ne da mijinta ya rasu, tana cikin takaba take rubuta wa ƙawarta wasiƙa.

"Turawa ma suna takaba?"

"Ba Baturiya ba ce, Inna. Musulma ce, 'yar ƙasar Senegal."

"Ƙasar Shehu Ibrahim Inyass?"

"Ita fa."

"To karanto mu ji."

Mariama Bâ ce ta rubuta shi da Faransanci, ya fito a Dakar a 1979 da sunan Une si longue lettre. Wanda ke hannuna fassarar Turanci ce ta 1981, So Long a Letter, bai kai shafi 100 ba. Ita ma malamar makaranta ce, an haife ta a 1929. Littafin shi ya fara cin kyautar Noma ta littattafan Afirka a 1980, shekara ta zagayo ta rasu, kafin littafinta na biyu ya fito. Tun ina jami'a na san shi, na sha ba ɗalibaina su karanta, har ina ganin babu lungun da ban shiga ba a cikinsa.

Daren farko karatun bai tafi daidai ba. Na zaci zan riƙa kallon Turancin Hausa tana zubowa, sai na tsinci kaina ina in'ina, jimla ta yi tsawo, kafin in kai ƙarshenta farkonta ya ɓace mana. Sai na sauya dabara. Da rana in na samu sarari a ɗakin malamai in karanta babin da za mu yi sau biyu, in ja layi da fensir ƙarƙashin kalmomin da za su ba ni wahala, in rubuta Hausarsu a gefe. Da dare kuma na daina bin jimla-jimla: in karanta sakin layi a zuci, in rufe littafin a kan yatsana, in faɗe shi kamar a gabana aka yi. Sunaye Inna ce ta gyara su da kanta. Ramatoulaye mai rubuta wasiƙar ta koma Ramatu, Aissatou ta zama A'ishatu, Modou Modu, Binetou Bintu, Daouda Dauda. Akwai maƙwabciyar Ramatu, Farmata, 'yar gidan maroƙa wadda take duba da wuri, na rasa sunan da zan ba sana'arta, Inna ta ce, "Zabiya ce mai taɓa bokanci, wuce gaba." Ciwon da ya kwantar da wata Jacqueline a asibiti har likitoci suka daɗe ba su gane kansa ba, na kira shi ciwon damuwa. Inna ta ce a zamaninsu baƙin ciki ake ce masa, kuma ta san mata biyu da ya kai kushewa. Da wannan tsaye-tsayen, da ranakun baƙi, da ranakun da ta ce yau ba ta jin iyawa, littafin da nake cinyewa a yini guda ya ɗauke mu kusan wata uku.

A shafin farko ta soma tsayar da ni. Ramatu tana tuna wa A'ishatu ƙuruciyarsu: kakanninsu mata da danga kawai ta raba gidajensu, da yadda su biyun in sun yi famfara suke binne haƙoran a rami ɗaya, suna roƙon ɓera ya musanya musu da masu kyau. Inna ta ajiye carbi a cinya. Ta ce su a Funtuwa kan rufin ɗaki suke jefawa, ita da ƙawarta, su juya baya su jefa tare.

Wace ƙawa? Shekarata 36 a duniya ban taɓa jin Inna tana da ƙawa ba. Na san danginta, na san abokan bikinta na unguwa, wannan kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa ambata ba. A daren nan ta yi magana har maigidana ya kira waya sau biyu. Gidansu kusa da tashar jirgin ƙasa yake, layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda. Tallan dafaffiyar gyaɗa suke kaiwa in jirgi ya tsaya, faranti a ka, suna bin tagogi da gudu. Wani fasinjan sai jirgi ya fara motsi yake jefo kwabonsa, su bi cikin duwatsun layin dogo suna nema. In kaka ta yi, manyan motoci suka yi layi a bakin gidan gurzar auduga, sai su bi bayansu suna tsintar wadda iska ta kaɗo, su kai wa kakar Inna ta kaɗa zare. Ƙawance ne na sosai, wanda iyaye suka san da shi, in salla ta zo a kai wa juna tuwo da 'yar tsaraba. Baban ƙawar ma'aikacin jirgi ne, ya sa ta a boko. Inna allo kawai ta yi, aka ɗaura mata aure tana 14, a 1973, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira. Ƙawar ce ta rako ta Zariya, ta yi mata kwana bakwai. Daga nan Inna ta ja bakinta, ta ce dare ya yi, in tashi in tafi gidana.

Babukan makoki su suka jawo mana masu sauraro. Gwaggo ce ta farko, don kusan kullum tana gidan. Da ta ji yadda dangin miji mata suka zaunar da Ramatu da kishiyarta Bintu wuri ɗaya suka tsefe musu kai, da yadda ake shelar kuɗin gaisuwa ana faɗin wane ya ba da kaza, sannan kuɗin su zarce hannun dangin mamaci, sai ta riƙe haɓa ta ce, "Makoki ne wannan ko biki?" Amma da aka zo kan mutanen da suke cika gida don shinkafa da hira, har a manta da wanda ya mutu, ta ce wannan kam ko a layinmu an yi. Anti daga bakin ƙofarta take ji, tana tsintar shinkafa ko yankan kuɓewa, kamar ba da ita ake ba. Bayan mako guda na lura tiren ya matso tsakiyar gida. Bayan wani makon tana zaune a dokin ƙofar Inna.

Wuri ɗaya ya sa na ji nauyin bakina tun da wuri. Ramatu ta yi ƙorafin cewa dangin miji sun daidaita mai shekara 30 a gidan da mai shekara 5. Mu kuma a lokacin ana shirin rabon gado, kowa ya san tumunin da aya ta 12 cikin Suratun Nisa'i ta ba matan mamaci mai 'ya'ya gida biyu za a raba shi daidai, ba ruwan shari'a da wadda ta riga zuwa. Na faɗi maganar Ramatu a gurguje. Inna ta ce, "Hukuncin Allah ba ya duban furfura," ba ta ƙara ba. Amma da aka bankaɗo basussukan Modu, mijin Ramatu, aka ga ya jinginar da gidan da shi da Ramatu suka haɗa guminsu suka mallaka don ya sayi wa amarya da uwarta wani, ga shi ya yi ƙaura ya bar ta da 'ya'ya 12 bai sake waiwayarsu ba, Inna ta ce da ƙarfi, "Wannan ba kishiya ya yi mata ba, amanarta ya ci. Malam bai taɓa tsallake kwanana ba." Na ga Anti ta gyaɗa kai. A kan wannan bakinsu ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe: mijinsu ba Modu ba ne. Na ji daɗin hakan, don tsorona ke nan, kada a ce na shigo da littafin da zai ci mutuncin ubana kabarinsa bai bushe ba.

Akwai laifin da na yi, kuma da gangan na yi shi. Tun daga wannan babi duk inda aka taɓo Bintu da uwarta sai in rage. Bintu ƙawar Daba ce, babbar 'yar Ramatu, ajinsu ɗaya, a gidan take zuwa su yi bitar karatu. Uwarta ce ta matsa mata ta auri tsohon saboda kwaɗayin fita daga talauci, aka cire ta daga makaranta jarrabawar ƙarshe na ƙaratowa. Yaya zan faɗi wannan, wadda ta ba ni shekara 2 tana zaune a bakin ƙofa? Ranar da muka kai inda liman da Tamsir yayan Modu da abokinsa Mawdo suka zo suka shaida wa Ramatu an ɗaura auren, bayan an riga an shafa fatiha, sai na tsaya a kan rashin kyautawar mazan. Inna ta ce ita Malam da bakinsa ya gaya mata saura wata biyu, ya kuma yi mata kayan faɗar kishiya daidai ƙarfinsa. Bintu kuwa na ce wata yarinya ce kawai. Na tafi gida na manta littafin a kan taga.

Washegari da na zo yana hannun Anti. Ta yi sakandare, abin da na sani sarai amma ban taɓa sa shi a lissafi ba. Ta zauna, wannan karon a cikin ɗakin, ta ce, "Malama, kin yi tsallake."

Gwiwata ta yi sanyi. Ta buɗe inda ta naɗe gefen takarda, ta karanta Turancin a hankali, ta mayar da Hausa da kanta, ba ta rage ko kalma ba: ƙawancen, da uwar, da makarantar. Da ta gama ta rufe, ta ce ita ma sakamakonta ya yi kyau, makarantar koyon jinya take son shiga. Babanta ya kwanta ciwo shekara biyu, Malam ne yake biyan magani saboda zumuncin da ke tsakaninsu. Da ya nuna yana so, ba wanda ya ɗaga mata sanda, amma ba wanda ya kira ta ɗaki ya ji ta bakinta. Ta ce ya riƙe ta da mutunci, Allah ya jiƙansa, ba ta da abin da za ta ce ya yi mata. Sai dai har yau in ta kai yaro asibiti ta ga masu farin kaya, ranta yakan sosu.

Inna ta daɗe tana kallonta. Ta ce, "Ni kuwa duk zaman nan na ɗauka ke kika gani kika ce kina so."

"Yaya, wa ya tambaye ni?"

"Ni ma wa ya tambaye ni?"

Ba wadda ta yi kuka. Aka kira isha'i, suka yi salla a ɗakin, tabarma ɗaya. Ni ce na kasa barci a daren. Shekara da shekaru ina koya wa yara littafin nan a matsayin kukan uwargida, Bintu kuwa ina wuce ta kamar yadda nake wuce Anti a tsakar gida, gaisuwa a tsaye. Marubuciyar ba ta wuce ta ba. Ta nuna ƙarara cewa yarinyar hadaya aka yi da ita. Ni ce idona bai tsaya a wurin ba, saboda tun ina 'yar shekara 17 na yanke wa matar ubana hukunci ban taɓa komawa kansa ba.

Kada a ɗauka daga ranar komai ya warware. Bayan arba'in da aka zauna rabon gado, aka fara da biyan bashi kamar yadda shari'a ta ce, har da kuɗin kafin alƙalami da mutane suka ba Baba na ɗinki. Farar shaddar nan wani yaronsa ne ya ƙarasa askar aka kai wa mai ita. Sai rigima ta tashi a kan keken ɗinki. Inna ta ce da kuɗin adashenta aka saye shi, ba ya cikin gado, Baffa ya ba da shaida. Anti tana so a bar wa ɗanta. Kwana huɗu ba ta leƙo ɗakin ba, ni ma ban buɗe littafin ba. A rana ta biyar Inna ta ɗaga murya daga ciki ta ce, "Auta, ki gaya wa Amarya za mu fara." Ta zo. Keken yana ɗakin Inna har gobe.

Labarin A'ishatu bai tayar da ƙura yadda na zata ba. 'Yar maƙerin zinariya ce, uwar mijinta mai ji da sarauta ba ta taɓa yafe wannan asalin ba, ta reni 'yar ɗan'uwanta ta aura wa ɗan nata. A'ishatu ta ajiye masa takarda ta kwashe 'ya'yanta maza huɗu ta yi gaba, ta ƙaro karatu, ta samu aiki a ofishin jakadancin ƙasarsu a Amurka. Gwaggo ta ce zuciya ta yi mata yawa. Inna ta ce kowa da girman tasa, kuma zancen asali mu ma ba mu tsira ba, ta lissafo aure uku da aka fasa a unguwa don an ce yaro ɗan mahauta ne ko ɗan wanzamai.

Inda ban taɓa tsammani ba, nan ta karye. Ramatu tana fama da motar haya da ɗawainiyar yara, ta ambata wa A'ishatu a wasiƙa ba da nufin roƙo ba, sai ga kira daga kamfanin Fiat, ta je ta zaɓi mota, ƙawarta ta biya. Ina cikin faɗa na ji numfashin Inna ya sauya. Matar da ban ga hawayenta ba ranar da aka fita da Baba, ga ta tana kuka har kafaɗunta na rawa. Anti ta matsa ta riƙe ta. Da ta lafa ta ce in jawo mata adakarta ta ƙarƙashin gado. Can ƙasa, cikin wani tsohon ɗankwali, akwai ambulan da ya koma ruwan ƙasa.

Wasiƙar ƙawar ce, daga Kaduna, 1978. Ta gama makarantar horon malamai ta fara koyarwa, da albashinta na farko ta sayi turmin atamfa ta aiko da shi hannun wani direba, da wannan takarda. Rubutun boko ne, Inna ba ta iya karantawa. Baba ya karanta mata sau ɗaya, ya ce in ta shirya amsa ta faɗa ya rubuta. Abin da take son faɗa kuwa ba na kunnen miji ba ne: ta yi ɓari biyu a jere, uwar miji ta sa ta gaba, kewar gida na cinta. Ta ce gobe, ta ce jibi. Kunya ta shiga, shekara ta wuce, iyayen ƙawar suka bar Funtuwa. Shekara 44 takardar tana adaka. Ta miƙo min ta ce in karanta. Layi tara ce. Gaisuwa, da bayanin atamfar, da tambaya ko har yanzu tana tsoron ƙarar jirgi, sannan roƙo cewa ta ba da amsa ko da layi ɗaya ne.

Tun a daren na fara nema. Makarantar da ke jikin adireshin ta sauya suna, wanda na aika bai samu kowa da ya san ta ba. Sai na koma ta Funtuwa, wajen Kawu, shi kuma ya bi ta tsofaffin ma'aikatan jirgi da suke zama a wata majalisa kusa da tasha. Ban gaya wa Inna ba, don ina tsoron abin da za a dawo min da shi.

Karatu ya ci gaba, masu sauraro suka ƙaru da maƙwabta biyu, dukansu sun taɓa takaba. Ranar da Tamsir ya tashi a sadakar arba'in ya ce in Ramatu ta fita shi zai aure ta, kafin in faɗi amsarta Inna ta riga ni: "Bai kai aya ta gaba ba? Mai takaba ba a neman ta a fili, sai dai a yi shaguɓe." Aya ta 235 take nufi. Da na kawo yadda Ramatu ta wanke shi tas a gaban liman, ta tuna masa matansa da ya kasa riƙewa, ɗakin ya ɗauki shewa, aka manta da dokar Gwaggo ta rage murya. A kwanakin Gwaggo ta fara rarrafen cewa Baffa ya riƙe Anti saboda marayu. Anti ba ta ce da ita komai ba, ta dai ce, "Allah ya saka wa Ramatu da alheri." Ba a sake tayar da zancen ba.

A kan Dauda aka rabu biyu. Tsohon masoyin Ramatu ne, likita, ɗan majalisa, mutumin kirki, ya dawo da niyyar aure ta mayar da shi. Inna da maƙwabtan suka ce wauta ta yi, mace mai 'ya'ya 12 ta samu inuwa ta ƙi shiga. Anti ta ce ai ta faɗi dalilinta, ba ta jin sonsa a zuciya, kuma ba za ta shiga tsakaninsa da matarsa ba bayan ta ɗanɗani abin da kanta. Sai da aka kwana uku ana wannan musu. Ni ina bayan Anti, amma na fahimci su Inna. Sun san kuɗin buhun masara, sun san yadda ake kallon bazawara. Da aka zo kan 'yan matan Ramatu da ta kama suna shan taba, da wadda ta yi ciki tana makaranta uwar ta rungume ta maimakon ta kore ta, Gwaggo ta naɗe tabarmarta ta ce wannan ba karatun gidan takaba ba ne. Maganarta ta dame ni har na aika aka tambayi liman. Ya ce labari ba ya karya takaba, in dai ba batsa a ciki kuma bai hana salla da zikiri ba. Gwaggo ba ta dawo zaman ba, sai dai kullum in na raka ta zaure takan tambaye ni yaya aka ƙare da yarinyar nan.

Saura kwana 20 su fita Kawu ya turo lambar waya. Tana raye, tana Kaduna wajen ɗanta, ta yi ritaya tana shugabar makarantar firamare, idanunta sun yi rauni. Na kira na yi bayanin ko ni wace ce, na ji shiru, sannan ta ambaci sunan Inna na yarinta, wanda ko Baba ban taɓa ji ya faɗa ba. Na kai wa Inna wayar, na ja hannun Anti muka fito tsakar gida. Sai da kuɗin katin suka ƙare.

Ranar 15 ga Jimada Sani ta faɗo cikin Janairun 2023, sanyi na tsaga leɓe. Aka dafa ruwa tun asuba suka yi wanka, mai kitso ta zo, aka ƙunsa musu lalle, suka sa sababbin atamfofi, aka yi waina aka raba sadaka. Inna ta zaro wuƙar daga ƙarƙashin matashi ta mayar wa Gwaggo da godiya. Anti ta tafi gaida iyayenta, ta ce in bar mata littafin in na gama da shi, tana so ta bi shi daga farko ita kaɗai. Kwana uku aka yi ana zagayen dangi, ran na huɗu muka hau mota zuwa Kaduna, ni da Inna, da turmin atamfa a jaka, da tsohuwar wasiƙar.

Ban san yadda zan kwatanta gaisuwarsu ba. Tsohuwar ta shafa fuskar Inna da hannu biyu, ta ce ta rame, Inna ta ce ita kuma ta yi furfura, suka zauna a bakin gado hannu cikin hannu. Bayan azahar Inna ta ce in ɗauko littafin in karanta mata wurin haƙoran nan. Na karanta, na mayar da Hausa. Inna ta ce, "Kin ji, kamar mu da muke jefawa kan rufin ɗaki."

Ƙawar ta girgiza kai. "Ba rufin ɗaki ba ne. Kan rumbun kakarki ne. Naki ma bai hau ba, ya gangaro, kika zauna kina kuka, na tsinto na sake jefa miki."

Inna ta ce sam ba a yi haka ba. Na bar su suna musu, na fita in taya matar ɗanta kwashe tuwo.